Matashin jingina bayan aikin sankarar mama: na shago ko yankan mai soso?

Wadda aka yi wa aikin sankarar mama a asibitin Komfo Anokye, ko a Peace and Love da ke Oduom, duk a Kumasi, ba ta daɗewa a kwance kafin a sallame ta. Sau da yawa ma da robar jan ruwa take komawa gida, wato bututun da ke fitar da ruwan da ke taruwa a wurin aiki, tana reto a gefen haƙarƙarinta. Gadon asibiti ana murɗa shi kansa ya tashi, amma a ɗakinta na Aboabo ko Sawaba katifa ce a shimfiɗe. Ta kwanta rigingine ɗinki ya ja. Ta juya ɓarin aikin, ba hali. Ta juya ɗaya ɓarin, hannu ya rinjayo ya ja hammata. Da yawa daga cikin iyayenmu mata a kujera suke ƙarasa daren, a zaune har kiran asalatu.

Abin da muka duba a nan shi ne matashin jingina mai gangara, wato soson nan mai tudu ta wajen kai, yana sirancewa har ya ƙare a ƙugu. Iri biyu ake samu a Kumasi. Akwai na waje, wanda ake sayarwa a shagunan kayan asibiti da kuma ta intanet, akwai kuma wanda mai soso zai yanka muku a kan awon da kuka ba shi. A ganinmu matashin ya cancanci kuɗinsa, kuma yankan gida ya fi na shago dacewa da wannan jinya, da sharaɗin an ba da awo daidai kuma an zaɓi soso mai tauri. Idan aka kuskure ɗaya daga cikin biyun nan, kuɗin ya tafi a banza.

Likitoci kan ce a kwanta rigingine bayan wannan aiki, a ɗaga ƙirji da kai kamar digiri 30 zuwa 45. Dalilin a fili yake. Idan ƙirji ya fi ƙugu tudu, ruwan da ke taruwa a wurin aiki ba ya kwanciya ya kumbura fata. Fatar da aka ja aka ɗinke ba ta miƙewa kamar yadda take yi a kwanciyar shimfiɗe. Sannan mai lafiya ba ya lura da yawan ƙarfin hannu da na ƙirji da yake sawa kafin ya tashi daga gado, sai ranar da aka hana shi dogara hannu ɗaya. Wadda ke jingine ta riga ta yi rabin tashi. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: mutum a kan gangara ba ya saurin mirginawa cikin barci, don haka ba za ta wayi gari a kan ɗinkinta ba.

Za a ce ai tara filo uku ko huɗu ya isa. Yana fitar da mutum dare ɗaya ko biyu, ba mu musa ba. Matsalarsa ita ce filon yana ɗaga kai da wuya ne kawai, ya bar rami tsakanin kafaɗa da ƙugu, sai haɓa ta sauko kan ƙirji. Kafin tsakar dare sun zame, ɗaya ya yi gabas ɗaya yamma, kuma marar lafiya ba ta da hannun da za ta miƙa baya ta gyara. Ciwon wuya da na baya sai su ƙaru a kan na ɗinki.

Na shago dai yawancinsa inci 24 ne tsawo, 24 faɗi, tudunsa kuma 7, ko 10, ko 12. An yi shi ne domin masu ƙwannafi da masu minshari, shi ya sa mai inci 7 ya fi yawa. Wannan digiri 16 kawai yake bayarwa, bai kai ko kusa da abin da ake nema ba. Mai inci 12 yana kai digiri 27, idan aka ɗora ɗan filo a kai ya wadatar. Don haka wanda zai sayi na shago kada ya karɓi ƙasa da 12, ko da mai shago ya ce duk ɗaya ne. Yana da kyawunsa: yankan santsi ne, rigarsa da zif ana cirewa a wanke, kuma ba jiran kowa. Amma aibunsa biyu manya ne. Na farko faɗin. Inci 24 ba ya barin wurin ajiye hannu, sai kafaɗar ɓarin aikin ta rataya a baki, hannu ya sulale ƙasa ya ja hammata, wurin da ya fi ko'ina ciwo ga wadda aka cire wa kaluluwa. Na biyu shi ne saman da ake yi da soson nan mai lotsawa ya ɗauki siffar jiki. A hoto yana da ban sha'awa, amma zafin jiki yake sha ya yi laushi, kuma ya riƙe zafin. A watan Fabrairu ko Maris na Kumasi, ga wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, bayan marar lafiya jiƙewa yake yi sharkaf, gumi kuma ba abokin bandeji ba ne. Nutsewar da ake yi a cikinsa ma tana ƙara wahalar tashi. Wanda ya zo a matse cikin leda sai an buɗe shi ya kwana ɗaya ko biyu kafin ya gama kumbura, a sa wannan a lissafi.

Yankan gida kuwa, a wajen masu sayar da katifa da soso na Kejetia da Alaba, ko masu kushin kujera, ake yinsa. Da inci suke awo, sai a yi musu magana da inci. Ga mace matsakaiciya, a ce tsawo 28, faɗi 28 zuwa 30, tudu 14 zuwa 16 a wajen kai, ya gangaro har ya ƙare siriri. Ƙa'idar ita ce tudun ya kai rabin tsawon ko ya ɗan ɗara. Wanda ya fi wannan kyau shi ne a auna ita kanta: ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, a auna daga ƙugunta zuwa tsakiyar kanta, wannan ne tsawon gangarar. Idan ya gajarta, bakin soson zai tokare ta a tsakiyar baya, kai kuma ya wuce ya rataya. A ce wa mai yankan ya bar ɗan kauri kamar inci ɗaya a siririn bakin, domin idan ya ƙare kamar takarda yagewa yake yi cikin mako.

Maganar soso ita ce inda aka fi cutuwa. A nemi mai nauyi, irin wanda ake yin katifar masu ciwon baya da shi, ba fari mai sauƙin nan na kushin ba. Ku ɗaga shi ku ji nauyinsa. Ku dunƙule hannu ku danna da ƙarfi: idan kun ji katakon benci a ƙarƙashi, ku ajiye. Mai kyau yana tare hannu kuma ya dawo nan take. Marar kyau, tudun inci 14 zai koma 8 da zarar an jingina, bayan sati biyu ya yi rami a tsakiya ya riƙa tura mutum gefe. Da wuya a sami dunƙulen soso mai kaurin inci 14 a ajiye, saboda haka faifai biyu ko uku ake mannawa da gam kafin a yanka. Ba laifi, amma gam ɗin yana da wari mai hawa kai, wadda ta fito daga allurar barci kuwa tashin zuciya ba ya mata wuya. A shanya shi a inuwa wurin iska kwana biyu ko uku. Kada a bar shi a rana, tana busar da soso ya riƙa marmashewa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da za a yi odarsa tun ranar da likita ya sa ranar aiki, ba ranar sallama ba. Ku kuma lura, dunƙule ɗaya idan aka yanka shi a karkace gangara biyu yake bayarwa. Ku yi ciniki a kan haka, ko ku karɓi ɗayan a rage shi ya zama na ƙarƙashin gwiwa.

Inda yankan gida yake kasawa shi ne gamawa. Wasu da wuƙa suke yi, fuskar ta fito tudu da kwari. Ku shafa da tafin hannu kafin ku biya, idan ba ta yi sumul ba a manna siririn soso mai laushi na inci ɗaya a sama. Kuma tsirara yake zuwa, sai an kai wa tela. A ɗinka riga biyu na yadin auduga zalla, tsohuwar atamfa da ta sha wanki ma ta fi sabuwa taushi, zif ɗin ya kasance a baya ko a ƙasa inda ba zai taɓa jiki ba. Kada a bar ledar da aka naɗo shi a ciki don gudun datti. Santsi take yi, tana ƙara, tana tara gumi. Idan ana tsoron ruwan ciwo ya ɓata soson, tawul mai kauri a ƙarƙashin rigar ya isa.

Sai dai gangarar ita kaɗai ba ta kawo barci. Duk wadda aka ɗora a kanta ba komai a ƙarƙashin gwiwa, kafin awa ɗaya ta sulalo ƙasa, riga ta tattare a hammata, ƙugu ya sandare. Ga yadda ake shimfiɗar. A tokare tudun soson da kan gado ko bango don kada ya ja baya. Ta zauna mazaunanta a kan katifa daidai inda soson ya ƙare, ba a kan soson ba, sannan ta jingina. Filo siriri ɗaya a ƙarƙashin kai da wuya, kada ya sauko kafaɗa. Filo mai kauri ko bargo naɗaɗɗe a ƙarƙashin gwiwoyi, shi ke hana zamewa kuma ya sauke nauyin ƙugu. Daga nan sai hannun ɓarin aiki, wanda shi ne ya fi buƙatar haƙuri: filo mai tsawo daga gwiwar hannu har yatsu, hannun a ɗan ware daga jiki kamar faɗin tafi, yatsu su ɗan fi gwiwar hannu tudu, gwiwar kuma kada ta faɗa bayan layin jiki. Kafaɗa ta sauka, kada ta ɗago wajen kunne. Idan ta ce tana jin ja a hammata, yawanci filon ya yi ƙasa. Idan wuyanta ne ke ciwo, ya yi sama. Wadda aka yi wa ɓari biyu, hannu biyun ake tallafewa haka.

Akwai ɗan ƙaramin matashi na hammata da ake sayarwa, wasu mai siffar zuciya. Yana da amfani, amma ba abin da za a kashe kuɗi a kai ba ne. Kowane tela a Asawase zai ɗinka shi: kamar inci 12 faɗi, da ɗan lanƙwasa a sama inda hannu zai zauna, a cusa audugar rimi ko ta filo sama-sama, kada a danƙara. Aikinsa hana damtse gogar ɗinki. Kuma shi za ta riƙa rungumewa a ƙirji idan tari ko atishawa ya zo, da kuma ranar komawa asibiti a mota ko pragya, wato keke mai ƙafa uku, inda kowane rami a hanya sai ta ji shi.

Robar jan ruwa ita ce ta fi hana mutane runtsawa, don tsoron kada ta fizge. Ko kwalba ce, ko jaka, ko 'yar roba mai matsewa, dokar ɗaya ce: ta kasance ƙasa da wurin ciwo, bututun kada ya lanƙwashe, kada a kwanta a kansa, kada kuma nauyinta ya rataya a kan zaren da ya riƙe ta a fata. Tela ya ɗinka aljihu a cikin rigar barci ta gefen aikin, ko a maƙala ta da fil mai kulle ta madaurinta, ba ta jikin bututun ba. Kada a ɗaure ta a jikin gado ko zanin gado. Cikin magagin barci za ta tashi fitsari ta manta, abin da ake gudu ya faru. Idan irin wadda aka koya muku zubarwa ce, a wanke hannu a zubar kafin kwanciya yadda nas ta nuna, a rubuta adadin da launin a takarda. Wannan takardar ce likita zai duba. Galibi ana cire robar idan ruwan ya ragu zuwa wajen mililita 30 a awa 24, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci uku, amma hukuncin na wanda ya yi aikin ne. Riga kuma mai maɓalli a gaba, mai faɗi. Doguwar riga da ake zurawa ta ka a ajiye ta tukuna.

Tashi daga kan gangarar ma da dabara. Ta lanƙwashe gwiwa, ta karkata ɓarin lafiya, ta sauke ƙafafu ƙasa, ta dogara da hannun lafiya ta zauna. Ta ɗan jima a zaune kafin ta miƙe, don jiri. Wannan yana nufin ɓarin lafiyar ne zai kasance a bakin gado, sai a sauya mata wurin kwanciya idan ya kama. Mai taimako ya tallafi bayanta, kada ya ja ta da hannun aiki ko ya sa hannu a hammatarta, kuskuren da 'ya'ya da ƙanne suke yi cikin ƙauna. A gidajen haya na Zango inda katifa take a ƙasa, gangarar tana aiki, amma tashi daga ƙasa ba tare da dogara hannu biyu ba abu ne mai wuya ga dattijuwa. Idan da hali a aro gado na wata ɗaya, ko a ɗora katifa biyu, a ajiye kujera mai ƙarfi a ɓarin lafiya ta dafa. Gidan sauro kada a cire shi, amma a lura da shi. Jingina tana ɗaga kai kusa da ragar, sai a ɗaure shi sama, a bar bakin fita a ɓarin lafiya, kuma wani ne zai riƙa cusa shi, ba ita ba. Ruwan sha, tocila, waya da magani su kasance inda hannun lafiya zai kai. Jikokin da suka saba kwana a jikin kaka a lallashe su su koma wani wuri na 'yan makonni, domin shurin yaro cikin barci ba ya zaɓen wuri.

Maganin ciwon da aka rubuta a sha shi a kan lokaci, a daidaita na dare ya zo kamar rabin awa kafin kwanciya, kada a jira sai ciwo ya taso. Kada a ƙara maganin barci daga kemis a kansa sai da izinin likita. Muna roƙo musamman kada a gasa wurin da ruwan zafi. Fatar ƙirji da ta cikin damtse takan daina jin taɓi bayan wannan aiki saboda jijiyoyin da aka taɓa, tana iya ƙonewa mai ita ba ta ji ba. Man kaɗanya da magungunan shafawa na gargajiya su ma su jira har ɗinki ya warke likita ya amince.

Akwai abubuwan da gyaran shimfiɗa ba ya magani, kuma kada a kwana da su. Ƙirji ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri, ko robar ta cika da jan jini cikin ɗan lokaci. Zafin jiki ya kai 38, wanda a nan kowa zai ce maleriya ce, alhali yana iya zama ciwon ne ya kama, sai a duba ko wurin ya yi ja, da zafi, ko mugunya ko wari. Sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, domin yawan kwanciya bayan tiyata yana iya daskarar da jini a ƙafa. Duk waɗannan asibiti ake nufa a daren. Shi ya sa ma bai kamata matashin ya zama wurin wuni ba. Da rana ta tashi ta zaga tsakar gida, ta yi motsin hannun da aka koya mata, daren zai fi zuwa da sauƙi.

Tambayar da iyayenmu suka fi yi ita ce ta kwanciya a ɓarin dama, tunda sunna ce kuma an saba da ita tun ƙuruciya. Wadda aka yi wa aiki a dama ba za ta iya ba na wani lokaci, kuma lalura ce da malamai suka san hukuncinta, kamar yadda aka sauƙaƙa wa marar lafiya ya yi salla a zaune ko a kwance. Gangarar ma tana taimakawa a sallar asuba ta kwanakin farko. Wadda aka yi wa a hagu, idan an cire robar kuma likita ya yarda, tana iya fara karkata dama: filo a bayanta, wani tsakanin gwiwoyi, ta rungumi babba a gaba don hannun aikin ya hau kansa kada ya faɗo kan ƙirji. A wannan matakin tudun inci 14 ya yi yawa ga kwanciyar gefe, yana lanƙwasa ƙugu, sai a sauka zuwa filo biyu. Kwanciya a kan ɓarin aikin ko rub-da-ciki takan jira makonni huɗu zuwa shida, ta fi haka ga wadda aka sake gina wa mama, kuma a tambaya a ranar komawa asibiti kafin a gwada.

Yawancin mata makonni biyu zuwa shida suke buƙatar gangarar, wannan ma wani dalili ne na kada a zuba kuɗi mai yawa a na waje, ga kuɗin magani da na zirga-zirga suna jira a gaba. Bayan an gama kada a jiƙa soson da ruwa, ba ya bushewa a ciki, a damina fumfuna yake yi. A wanke rigunan, a shanya shi a inuwa, a ajiye shi a tsaye a wuri busasshe. Wadda za a ci gaba da yi wa ƙarin ruwan maganin sankara ta riƙe nata tukuna, don yana sauƙaƙa tashin zuciya da ƙwannafin dare.